Tarihin Ƙirar Igwa Mai Ɗuri ta Gindi: Yadda Aka Shawo Kan Matsalar Yoyo

1.0 Gabatarwa

Masana tarihi sun saba, idan suna bayanin yadda Turawa suka rinjayi sauran al'ummomin duniya a ƙarni na 19, su ce ai sun fi su makamai ne, daga nan su wuce. Wannan magana gaskiya ce, amma a dunƙule take. Makami mutane ne ke zama su ƙera shi, su gwada, ya fashe ya hallaka wasu, su sake komawa maƙera. Manufar wannan takarda ita ce mu warware zare ɗaya daga cikin wannan dunƙule, watau tarihin yadda aka ƙera igwar da ake ɗura wa harsashi ta gindi maimakon ta baki.

Kafin mu tsunduma, ya kyautu mu daidaita kan kalmomin da za mu yi amfani da su. Jikin igwa bututu ne na ƙarfe. Inda harsashi ke fita shi ne baki, ɗaya ƙarshen kuwa shi ne gindi. Wurin da albarushi ke zama ya ƙone za mu kira shi ɗakin wuta. Ƙarfen da ake toshe gindi da shi bayan an yi ɗuri, shi ne matoshi. Tsirar wuta da hayaƙi ta tsakanin matoshi da jikin igwa kuwa, ita muke nufi da yoyo.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, gindin igwa yana da aiki biyu mabambanta: ɗaukar nauyin bugun wuta, da hana wutar yoyo. Tunanin ɗuri ta gindi tsoho ne ƙwarai, amma bai yi tasiri ba sai da maƙera suka raba waɗannan ayyuka biyu, suka ba kowane nasa ƙarfen, sa'an nan suka koyi sa ƙarfin wutar kansa ya liƙe kafar da yake neman tsira ta ciki.

2.0 Girman Matsalar

Igwa mai ɗurin baki ba ta da ƙofa a baya. Gindinta bango ne da aka zuba tare da sauran jikinta, saboda haka wuta ba ta da mafita sai gaba. Wanda ya ce zai yi ɗuri ta gindi kuwa, ya ɗauki alkawarin yin ƙofar da mutum ɗaya zai iya buɗewa da hannu cikin ƙiftawar ido, amma idan an rufe ta ta koma bango.

Ɗan lissafi zai nuna mana nauyin wannan alkawari. Mu ɗauki igwa mai faɗin bututu santimita 15. Fuskar matoshinta za ta kai murabba'in santimita 177. Idan matsin wuta a ɗaki ya kai kilo 2,000 a kan kowane murabba'in santimita, wanda ba baƙon abu ba ne ga igogin ƙarshen ƙarni na 19, to matoshin zai sha bugun da ya haura tan 350 a lokaci guda. Wannan aiki na farko ke nan.

Aiki na biyu ya fi wuya. Iskar da albarushi ke haifarwa zafinta ya isa ya narkar da ƙarfe, kuma ko kafa ta kai siririn gashi sai ta bi. Idan ta bi sau ɗaya sai ta zaizaye wurin, kamar yadda ruwa ke yi wa madatsar ƙasa, harbi na gaba kafar ta ƙaru. Ƙarshenta dai igwar ta rasa ƙarfi, matoshi ya cije ya ƙi buɗuwa, ko wuta ta feso a fuskar masu harbi.

3.0 Igogin Farko da Dalilin Yin Watsi da Su

Tun a ƙarni na 14 da na 15 maƙeran Turai suna yin igogi masu ɗurin gindi. A lokacin ana haɗa bututu ne da dogayen sandunan ƙarfen ƙira, a ɗaure su da zobba, don haka bututun yakan fito a buɗe gaba da baya. Ɗakin wuta kuwa daban ake ƙera shi, da siffar moɗa mai mariƙi. A cika moɗar da albarushi, a sa harsashi a bututu, a cusa bakin moɗar a bayansa, sa'an nan a buga weji a bayanta da guduma. Igwa ɗaya takan kasance da moɗa biyu ko uku, ana harba wannan ana cika waccan. Ma'aikatan jiragen ruwan Fotugal sun yawaita amfani da irin wannan, kuma daga hannunsu mutanen Sin suka karɓe ta a shekarun 1520. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka tsamo shi a 1982, an same shi ɗauke da iri biyu gefe da gefe: igogin ƙarfe masu moɗa, da igogin tagulla na zubi masu ɗurin baki.

Cikin waɗannan biyu, na zubi ne suka yi rinjaye. Dalili kuwa a bayyane yake. Bakin moɗa bai taɓa zama daidai da bututu ba, domin da guduma da ido aka ƙera su. Da aka inganta albarushi ya ƙara ƙarfi, sai yoyo ya ƙaru, weji ya riƙa tsalle. Igwar zubi kuwa tana ɗaukar albarushi mai yawa, tana jefa dunƙulen ƙarfe ya rushe ganuwa. Daga ƙarni na 16 har tsakiyar na 19, watau kimanin shekara ɗari uku, ɗurin baki shi ne sarki a fagen fama na tudu da na ruwa. Abin lura a nan shi ne, ba rashin basira ya kayar da ɗurin gindi ba. Ƙarfen zamanin da kayan aikinsa ne ba su kai ga abin da basirar ta hango ba.

4.0 Abin da Ya Farfaɗo da Batun

Ɗurin baki yana da aibi ɗaya babba. Tilas harsashi ya ɗan fi bututu ƙanƙanta kafin a iya tura shi daga baki, saboda haka wani ɓangare na wuta yakan wuce ta gefensa, shi kuma ya fita yana karo da bangon bututu, ya tafi inda ya ga dama. Maganin wannan an daɗe da saninsa a ƙananan bindigogi: a yi wa cikin bututu tsaga mai murɗewa, domin harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwar yara, ya miƙe sak. Amma harsashin da zai kama tsaga dole ya cika bututu fam, wanda ya cika bututu kuwa tura shi ta baki aiki ne ja. Ta nan ne hankali ya komo kan gindi.

A daidai wannan lokaci kuma masana'antun Turai sun sami injunan gyaran ƙarfe masu aiki da awo, da hanyoyin narka ƙarfe mai tauri da yawa. A ƙasar Suwidin, Martin von Wahrendorff, mai masana'antar zubi ta Åker, ya fito da matoshi mai siffar turmi a 1837, wanda ake cusawa ta baya a tokare shi da wani ƙarfe da ke ratsa gindin a gicciye. Wani hafsan sojan Sardiniya ta ƙasar Italiya, Giovanni Cavalli, ya zo wannan masana'anta a tsakiyar shekarun 1840 aka ƙera masa igwa mai tsaga da ɗurin gindi. Waɗannan su ne suka share fage.

5.0 Igwar Armstrong: Nasara da Faɗuwa

William Armstrong mutumin Newcastle ne a arewacin Ingila, lauya ne da ya bar shari'a ya koma ƙera injunan ɗaga kaya masu aiki da matsin ruwa. A yaƙin Kirimiya, a fagen Inkerman cikin Nuwamba 1854, sojan Ingila sun sha baƙar wahala wajen jan igogi biyu masu harsashin laba 18, kowace nauyinta kimanin tan biyu. Labarin wannan ne ya sa Armstrong ya shiga ƙirar igwa marar nauyi mai cin nisa. Ya gabatar da ita a 1855, gwamnati ta karɓa a 1858, aka ba shi sarautar girmamawa a 1859.

Igwar tasa ta zo da sababbin abubuwa da dama. Jikinta ba zubi ba ne: bututu ne a ciki, aka zura masa zobban ƙarfen ƙira da zafinsu, da suka huce suka matse shi. Cikin bututun yana da ƙananan tsagogi masu yawa, harsashin kuma an lulluɓe shi da darma, wadda ke nutsewa cikin tsagogin saboda laushinta. Amma gindin shi ne abin da ya shafe mu. An huda rami daga saman igwar a bayan ɗakin wuta, inda ake jefa matoshi kamar yadda ake saka sakata. A bayan matoshin akwai wani ƙaton ƙarfe mai haƙoran noti, wanda cikinsa rami ne. Idan za a yi ɗuri, sai a sassauta mai haƙoran, a ciro matoshi ta sama, a tura harsashi da jakar albarushi ta cikin ramin, a mai da matoshi, a sake ɗaurewa. A fuskar matoshin an sa zoben jan ƙarfe da ke haɗuwa da wani irinsa a bakin ɗakin wuta.

A ƙananan igogin filin daga wannan tsari ya yi aiki, kuma an ga amfaninsa a yaƙin Sin na 1860. Matsala ta taso ne da aka faɗaɗa shi zuwa igwar jirgin ruwa mai faɗin inci 7 da harsashin laba 110. A nan matoshin kansa ya haura laba ɗari, sai mutum biyu sun kama shi. Cikin Agusta 1863, da jiragen Ingila suka yi wa garin Kagoshima na Japan ruwan wuta, an lissafa haɗari 28 cikin harbi 365 daga igogin Armstrong. Wasu matosan sun tsage, wasu sun cije, wani kuma ya yi tsalle ya fice daga raminsa.

Idan muka dubi ƙirar da kyau za mu ga inda gizo ke saƙa. An ɗora wa matoshi ɗaya kaya uku: shi ke ɗaukar bugu, shi ke riƙe zoben hana yoyo, kuma ta cikinsa aka huda kafar kunna wuta, wadda ta rage masa ƙarfi. Hausawa kuwa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Daɗin daɗawa, liƙewar zoben ta dogara ne ga ƙarfin damtsen sojan da ya ɗaure. Ƙarfin da ya sa kafin harbi shi ke nan, ba ya ƙaruwa idan wuta ta tashi. In ya gaji, ko ya firgita cikin hayaƙi ya bar ɗaurin da saura, babu abin da zai hana a kunna.

Bayan kwamitoci sun yi gwaje-gwaje, suka kuma duba tsadar igwar da ta harsashinta, sai Ingila ta yanke shawara a tsakiyar shekarun 1860 ta koma ɗurin baki, amma da tsaga. Aka riƙa dasa wa harsashi 'yan ƙusoshi a jiki masu bin tsagar. Ƙasar da ta fi kowa masana'antu a duniya ta zauna a kan wannan har shekara goma sha biyar.

6.0 Hanyar Jamus: Weji da Zoben Broadwell

A Essen, Alfred Krupp ya dogara ne ga ƙarfe mai tauri na narkawa, wanda gidansu ya ƙware a kai. Ya nuna igwar irin wannan ƙarfe a babban bajekolin Landan na 1851, kuma a 1859 gwamnatin Furushiya ta ba shi aikin bututu kimanin 300. Gindin da sunan Krupp ya shahara da shi shi ne na weji: a huda rami a gicciye daga gefe zuwa gefe, a sa ƙaton ƙarfe mai ɗan tsini yana zamewa a ciki. In an ja shi waje hanya ta buɗe, in an tura shi ya toshe, kuma saboda tsininsa yana shiga yana matsowa gaba.

Wannan ma bai zo da sauƙi ba. A yaƙin Furushiya da Ostiriya na 1866 wasu igogin sun fashe ta gindi, har sunan kamfanin ya so ya zube. Gyaran da aka yi iri biyu ne, kuma kowane ya fuskanci aiki ɗaya daga cikin ayyukan nan biyu. Ta wajen ɗaukar bugu, aka mai da bayan wejin ya zama kewayayye, domin tsagewar ƙarfe daga kusurwa mai kaifi take farawa, kewayayyen wuri kuwa yana rarraba nauyi. Ta wajen yoyo, aka ɗauki dabarar wani injiniya Ba'amurke, Lewis Broadwell. Dabarar zobe ce na ƙarfe mai leɓe, wanda ake zaunarwa a bakin ɗakin wuta yana fuskantar wani faifai a jikin weji. Idan wuta ta tashi sai ta shiga bayan leɓen, ta buɗa zoben ya manne da bango, ta kuma tura shi baya ya manne da faifan. Ke nan gwargwadon ƙarfin wuta, gwargwadon liƙewa.

Sakamakon ya bayyana a yaƙin 1870 zuwa 1871. Faransa ta fito da igogin tagulla masu tsaga amma na ɗurin baki, Jamusawa suka fito da na ƙarfe masu ɗurin gindi, waɗanda suka fi cin nisa da saiti. A Sedan, ranar 1 ga Satumba 1870, igogin Jamus suka kewaye rundunar Faransa daga tuddai, kashegari Sarki Nafoliyon na Uku ya miƙa wuya. Ba za mu ce gindin igwa kaɗai ya ci wannan yaƙi ba, domin horon mayaƙa da irin kan harsashin da ke fashewa da ya taɓa ƙasa duk sun taimaka. Amma daga ranar, gardamar ɗurin baki da na gindi ta ƙare a yawancin ƙasashen Turai.

Zoben Broadwell yana da nasa rauni. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, don haka ƙwayar yashi ɗaya ko ƙurjewa kaɗan ta isa ta buɗe wa wuta hanya. Yana bukatar tsabta da kulawa irin wadda fagen fama ba ya bayarwa kullum.

7.0 Hanyar Faransa: Matoshi Mai Giɓi da Gammon de Bange

Toshe gindi da matoshi mai haƙoran noti abu ne da hankali ke kawowa nan da nan, domin haƙoran suna rarraba bugu a jikin igwa ko'ina. Aibinsa jinkiri: sai an yi ta murɗawa kafin ya fita. Maganin da aka samo, wanda aka fara yi wa rajista a Amurka a tsakiyar ƙarni na 19 kuma sojan ruwan Faransa suka raya shi, shi ne a yi wa haƙoran giɓi. A raba kewayen matoshi kashi shida, a bar haƙora a uku, a share uku. A yi haka nan a cikin gindin igwa. Sai a tura matoshi kai tsaye, haƙoransa suna bin giɓin igwa, in ya kai ƙarshe a juya shi kashi ɗaya cikin shida na kewaye, haƙora su sarƙe gaba ɗaya.

Wannan ya biya bukatar ɗaukar bugu, amma bai hana yoyo ba ko kaɗan, domin giɓin nan hanya ce buɗaɗɗiya. Wanda ya rufe wannan hanya shi ne hafsan Faransa Charles Ragon de Bange, a 1872. Ya huda tsakiyar matoshi ya zura wani ƙarfe mai siffar lemar kwaɗi, kansa mai faɗi yana fuskantar ɗakin wuta, ƙafarsa tana ratsa matoshin. Tsakanin kan lemar da fuskar matoshi ya sa wani gammo da aka yi da zaren asbestos, ma'adinin nan da wuta ba ta ci, an jiƙa shi da kitse an naɗe da ƙyalle mai kauri. Idan an harba, wuta takan tura lemar baya, lemar ta danne gammo, gammo ya bazu gefe ya manne da bangon ɗakin wuta. Da matsi ya sauka sai ya koma yadda yake, a buɗe matoshi ba wahala.

Akwai wata hikima a nan da ya kamata mu tsaya a kanta. Wuta tana danna dukan faɗin kan lemar, amma gammon da ke karɓar wannan danni ya fi kan ƙanƙanta, domin ƙafar lemar ta cinye tsakiyarsa. Nauyi ɗaya a kan wuri mafi ƙanƙanta kuwa matsi ne mafi girma. Saboda haka matsin da ke cikin gammo kullum yana gaban matsin wutar da ke neman wucewa, komai yawan albarushin da aka zuba. Wuta ta zama mai gadin kanta. Faransa ta karɓi igogin de Bange masu faɗin milimita 80 da 90 da 155 a 1877.

Saura gyara ɗaya. Tun da an share rabin haƙora, tilas matoshi ya yi tsawo kafin ya sami isasshen riƙo, tsawo kuwa nauyi ne da wuyar shiga. Wajen 1890 wani ɗan Suwidin mazaunin Landan, Axel Welin, ya jera haƙoran hawa-hawa kamar matakala, kowane kashi ya fi na kusa da shi tudu. Da haka kashi uku cikin huɗu na kewaye ya sami haƙora maimakon rabi, matoshi ya gajarce, ya yiwu a rataye shi a jikin igwa ya riƙa buɗewa kamar ƙyaure. Matoshin Welin da gammon de Bange su ne a manyan igogin jiragen yaƙin Ingila da Amurka na yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, kuma har yau ana amfani da wannan tsari a igogi masu faɗin milimita 155 da yawa, sai dai an sauya kayan da ake yin gammon da su.

8.0 Komowar Ingila

Abu biyu suka tilasta wa Ingila sauka daga ra'ayinta. Na farko, an gano cewa albarushi mai manyan ƙwayoyi, mai ci a hankali, ya fi tura harsashi ba tare da ya wahalar da igwa ba, amma yana bukatar dogon bututu. Dogon bututu kuwa a cikin jirgi ba shi da wurin da za a jawo shi a ɗura ta baki. Na biyu, a Janairu 1879 wata igwa mai nauyin tan 38 ta fashe a jirgin Thunderer lokacin atisaye a tekun Marmara, ta kashe mutum 11. Bincike ya nuna cewa harbin farko bai tashi ba, ƙarar igwar da ke kusa ta ɓoye haka, aka sake ɗura wani a kan na farko. Don a tabbatar, aka ɗauki 'yar'uwarta aka yi mata ɗuri biyu da gangan, ita ma ta fashe. Irin wannan kuskure ba ya yiwuwa ga mai ɗuri ta gindi, domin da ya buɗe zai ga abin da ke ciki. Daga 1880 Ingila ta koma ɗurin gindi, kuma tsarin Faransa ta ara.

9.0 Kwanson Tagulla da Ja da Baya

Akwai hanya ta uku ta hana yoyo, wadda aka aro daga ƙananan bindigogi: a zuba albarushi a kwanson tagulla. Wuta takan kumbura kwanson ya manne da bango, in ta wuce ya ɗan tsuke a zare shi. Kowane harbi da sabon abin liƙinsa ke nan. A shekarun 1880 kamfanonin Hotchkiss da Nordenfelt suka yi ƙananan igogi masu saurin harbi a kan wannan tsari, don kare manyan jirage daga ƙananan jiragen da ke kai musu hari. Kwanso ya dace da weji ƙwarai, domin ya sauke masa aikin liƙi ya bar shi da ɗaukar bugu kawai. Shi ya sa Jamusawa suka riƙe weji da kwanso har a manyan igogin jiragensu, kuma weji mai zamewa shi ne a igogin tankokin yaƙi na yau.

Duk da haka, saurin ɗuri bai zama saurin harbi ba nan take. Igwar filin daga takan zabura baya da ƙafafunta a kowane harbi, sai an turo ta an sake saiti, ga kuma hayaƙi ya rufe gaba. Paul Vieille ya kawar da matsalar hayaƙi da albarushinsa na 1884. Matsalar zabura kuwa igwar Faransa mai milimita 75 ta 1897 ce ta warware ta. Bututunta kaɗai ke ja da baya a kan gadonsa, yana tura mai ta ƙaramar kafa, man yana matse iska, iskar kuma ta mai da bututun mazauninsa, ƙafafu ba su motsa ba. Matoshinta faifai ne mai haƙora da aka yi wa huda a gefe ɗaya, juyi ɗaya na hannu ya kawo hudar daidai bututu, wani juyin ya kawar da ita. Inda igwar de Bange ke harbi kamar biyu a minti, wannan tana yin goma sha biyar.

10.0 Yadda Abin Ya Iso Ƙasar Hausa

Wannan tarihi na Turai ne, amma ƙarshensa ya taɓa mu. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa maƙeransa sun zuba igogi a birninsa, abin da ke nuna cewa sarakunanmu sun san darajar wannan makami kuma sun nemi mallakarsa da hannunsu. Sai dai abin da maƙerin zubi zai iya yi shi ne igwar ɗurin baki. Matoshi mai giɓi da kwanson tagulla ba aikin uwar maƙera da masaba ba ne. A bayansu akwai tanderun narka ƙarfe, da injunan awo, da shekaru hamsin na gwaji.

Rundunar Kanar Morland da ta iso Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 tana ɗauke da igogi huɗu masu milimita 75, irin waɗanda ake kwancewa a ɗauka gunduwa-gunduwa, masu ɗurin gindi da kwanson tagulla. Abin sha'awa shi ne, ganuwar Kano ta shanye harsashinsu saboda kaurinta da kasancewarta ta ƙasa. Sai da suka juya kan ƙofa, ta wajen Kabuga, suka sami shiga. Tazarar da ke tsakanin igwar Tanimu da ta Morland ba ta da tsawo a lissafin kalanda, amma a lissafin ƙira ita ce dukan tafiyar da muka bayyana a wannan takarda.

11.0 Kammalawa

Mun ga cewa ɗuri ta gindi tsoho ne ƙwarai, amma ya kwanta shekara ɗari uku saboda yoyo. Mun ga Armstrong ya ɗora wa ƙarfe ɗaya ayyuka da yawa, ya dogara ga damtsen soja, abin ya ci tura. Waɗanda suka yi nasara kuwa hanyarsu ɗaya ce ko da siffofin sun bambanta: weji ko matoshi mai giɓi ya ɗauki bugu, zobe ko gammo ko kwanso ya hana yoyo, kuma wutar da kanta ita ke matse abin liƙin.

Muna ganin akwai aiki a gaban masu nazarin tarihinmu ta wannan fuska. Igogin da suka rage a fadoji da gidajen adana kayan tarihi na Nijeriya da Nijar sun cancanci a auna su, a duba gindinsu, a tantance wanne aka zuba a gida, wanne ya ƙetaro Sahara, wanne Turawa suka bari. Haka kuma ya kamata a tattara kalmomin da maƙera da maharba ke amfani da su ga sassan bindiga tun masu su suna raye, domin da su ne za a rubuta irin wannan tarihi da Hausa ba tare da rance mai yawa ba.